Ɗan Famfon Hita Da Ya Tsayar Da Mu A Hanyar Kebbe

Wanda ya san ƙasar Sakkwato a watan Afrilu kaɗai, dariya zai yi in ya ji muna zancen hita a cikin mota. Zai ce ƙasar da zafi yakan haura digiri 40, har direba ya kasa riƙe sitiyari da tsakar rana sai ya naɗa tsumma, me za a yi da abin ɗumama mota? Mu ma da haka muke cewa. Amma wanda ya taɓa fita da asuba a watan Janairu, hunturu yana kaɗawa, hazo ya rufe gari, sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15, ga kuma mara lafiya a cikin mota yana rawar ɗari, shi ba zai yi dariya ba.

Saboda 'yan'uwanmu na Jos da Kaduna da Yola, bari mu fara da gyara wani kuskure da akan yi. Kebbe dabam, Kebbi dabam. Kebbi jiha ce, an cire ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Kebbe kuwa ƙaramar hukuma ce a can ƙarshen kudancin Jihar Sakkwato, tana maƙwabtaka da Tambuwal, tana kuma iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Tambuwal ita ce a kan babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya bi ta Boɗinga da Shagari, ya nufi Jega. Don haka mutumin Kebbe in zai je birnin Sakkwato, galibi sai ya fito Tambuwal tukuna. A tsakanin garuruwan nan biyu ne abin ya same mu, a watan Janairu na 2024.

Motar tsohuwar Peugeot 504 ce doguwa, watau Fijo wagon, ta kusa shekara arba'in a duniya. Ita ce motar asibitinmu, ita ce ta biki, ita ce ta jana'iza, ran kasuwa kuma takan ɗauki buhunan gero da albasa domin ta ciyar da kanta. Ran nan mun ɗauko wata tsohuwa da likita ya ba ta ranar komawa a Sakkwato, tare da surukarta da wani jikanta. Muka ba ta kujerar gaba saboda ta fi taushi, aka lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Mun yi tafiyar kamar rabin sa'a, gari bai gama wayewa ba, sai ta ce wa direba, "Ɗana, sanyin nan zai kashe ni kafin ciwon." Direba ya ce, "Inna, bari in kunna miki hita." Ya kama ɗan maɓallin nan da ake turawa daga shuɗi zuwa ja. Ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi. Muka ji wani ɗan ƙas daga ƙarƙashin dashbod, sa'an nan tururi ya turnuƙe motar, gilashi ya rufe fari fat, tsohuwa ta yi ihu.

Ruwan injin ne yake tsiyaya a kan ƙafafunta. Bargon ya tare mafi yawansa, amma ƙafar hagu ta samu. Direba ya lalubi gefen hanya ya tsaya, ya kashe injin. Muka fito da ita, muka zare safar da ta jiƙe tun ba ta manne ba. Nan fa muka shiga tsaka mai wuya, gama jarka ɗaya ce ta ruwa a motar. Ma'aikatan lafiya suna koyar da cewa ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi, mai tsabta, na wajen minti 20, kada a shafa ƙwai ko gishiri ko man goge baki ko baƙin mai kamar yadda aka saba a ƙauyukanmu. To, ruwan nan kuma shi ne za mu mayar a lagireto in muna so mu bar wurin. A shekarun nan kuwa ba mai so ya daɗe a tsaye cikin daji a wannan yanki, kowa ya san dalili. Surukar ta dube mu, mu ma muka dube ta. Muka buɗe jarka muka dinga zuba wa ƙafar a hankali har ruwan ya ƙare.

Da rana ta ɗan ɗaga, wani yaro mai jaki ya nuna mana rijiya, muka yi sawu biyu. Kafin nan injin ya huce. Direba ya buɗe bonet, ya nemo tiyo biyun da suka ratsa bangon da ya raba injin da cikin mota. Ya zare ɗaya daga wajen bangon, ya cire ɗayan daga jikin injin, ya lanƙwaso na farin ya cusa a gurbinsa ya ɗaure. Watau ruwan zai fito daga injin ya koma injin, bai leƙa cikin mota ba. Muka cika lagireto muka lallaɓa zuwa Tambuwal da hantsi. A tasha muka sa tsohuwa da surukarta a motar haya, bayan an duba ƙafar an naɗe ta. Ta sami ganin likita, amma sai da suka kwana a Sakkwato, abin da ba su shirya masa ba.

Abin da bakanike ya nuna mana

Bakaniken da muka kai wa motar dattijo ne, tun zamanin 404 yake wannan aiki. Ya sa yaronsa ya kwanta rigingine a ƙarƙashin dashbod da tocila, ya ɗauki lokaci yana kwance-kwance, sa'an nan ya miƙo wani ɗan abu da bai fi dunƙulen hannun yaro ba, duk ya yi tsatsa da wani farin gishiri-gishiri. Dattijo ya jujjuya shi ya ce, "Malam, wanga famfo ba yau ya mutu ba. Ya daɗe shina ciwo. Mi kuke zuba wa motar ga?" Muka ce ruwa mana, Baba. Ya ce wane ruwa? Muka ce na rijiya, wani lokaci na gulbi. Ya girgiza kai bai ce kome ba.

Sunan abin famfon hita, waɗansu kuma sukan ce bawul ɗin hita. Domin mu gane aikinsa sai mu tuna cewa injin mota wuta ce ake hurawa a cikin ƙarfe. Man da muke saye da tsada, abin da yake juya taya daga cikinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Saura duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ne yake kwashe shi. Akwai famfon da fanbel yake juyawa, shi yake tura ruwan ya zagaya jikin injin, ya tafi lagireto iska ta fifita shi, ya komo. In injin ya yi ɗumi sosai, ruwan yakan kai digiri 80 zuwa 90. Da masu ƙera mota na ƙasashen sanyi suka ga ana zubar da wannan zafi a banza, sai suka sa wani ɗan ƙaramin lagireto a cikin mota, a bayan dashbod, suka jawo masa ruwan da tiyo biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, suka sa ɗan fanka yana hura iska ta cikinsa. Hita ke nan, ba wani abu ba. Famfon da muke zance kuwa shi ne mai gadin ƙofa. In ka tura maɓalli zuwa ja, wata siririyar waya irin ta birkin keke ta ja hannun famfon ya buɗe, ruwan zafi ya shiga. In ka mayar zuwa shuɗi ya rufe.

Ba kowace mota ce take da shi ba. Golf 3 da take cike da tashoshinmu ba ta da irin wannan famfo. A cikinta ruwan zafi kullum yana zagayawa ta ƙaramin lagireton, wani marfi ne kawai yake karkata iska ta bi ta kansa ko ta kauce masa. A waɗansu motoci kuma iskar da injin yake zuƙa ce take buɗe famfon, a waɗansu Marsandi lantarki ne. Wurin zamansa ma ya bambanta. Akwai motar da za ka same shi a ɗakin injin, jikin bango, kana buɗe bonet ka gan shi. A tamu yana ciki, daidai saman ƙafafun na gaba. Dalilin da ya sa tsohuwa ta sha ruwan ke nan.

Ba za mu ɗora wa masu ƙera motar laifi ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka. A 1975 ɗin ne kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, aka ci gaba da yin 504 a can har bayan shekara ta 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da dainawa. Tamu dai ba 'yar Kaduna ba ce, 'yar Kwatano ce, cikin waɗanda suka kwararo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. An ƙera ta domin ƙasar da ake kunna hita rabin shekara, ana kuma zuba mata ruwan lagireto mai magani. Ta zo hannunmu, wata goma famfon yana rufe ba mai taɓa shi, ruwan rijiya yana kwance a bayansa. Ruwan rijiya yana da gishiri da ƙasa a narke. In ya sha zafi sai ya bar ɓawo, irin wanda mata suke kankarewa a gindin butar shayi. Ɓawon nan da tsatsa suka riƙe hannun famfon, robar da take hana yoyo ta bushe ta tsattsage. Ran da direba ya sa ƙarfi, sai abin ya ɓalle gaba ɗaya.

Da muka zauna muka yi tunani, ashe motar ta daɗe tana faɗa mana. Tabarmar ƙasa ta gaba takan yi damshi ko da rani, muka ce yara ne suka zubar da ruwan leda. Kowane kwana uku sai an ƙara ruwa a lagireto, muka ce tsufa ne. A watan Afrilun da ya wuce direba ya yi ta ƙorafi cewa iska mai zafi tana dukan ƙafarsa ko ya rufe kome, muka ce ai gari ne da zafi. Ashe famfon ne ya ƙi rufuwa sosai. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A gyara ko a bar shi?

Yawancin direbobin da suka taru a garejin cewa suka yi mu bar shi yadda direba ya ɗaure. Gaskiya kuwa rabin tsofaffin motocin da muka leƙa a wurin haka suke, an zagaye hitar an manta da ita. Waɗansu ma ba su zagaye ba, sun cusa tsohon fulogi ko ƙusa mai kauri ko guntun icce a bakin tiyo sun ɗaure da waya. Dattijon bai yarda da wannan ba. Ya ce icce yakan ruɓe, waya takan yanka roba, kuma akwai motocin da aka tsara ruwansu ya riƙa bi ta wannan hanya kullum, in ka toshe ta ka hana shi zagayawa yadda ya kamata kafin injin ya yi ɗumi. In dole ne, in ji shi, a haɗa tiyo biyun da guntun bututun ƙarfe da kilif mai kyau.

Mun yi kwana biyu muna shawara, gama kuɗin motar ba na mutum ɗaya ba ne. Abu uku suka sa muka ce a gyara. Na fari, su wa muke ɗauka da asuba? Tsofaffi, da masu naƙuda, da jarirai sababbin haihuwa, su ne kuwa sanyi ya fi yi wa illa. Na biyu, da damina, musamman a watan Agusta, in ana ruwa an rufe tagogi, mutum takwas suna numfashi, gilashin gaba yakan yi hazo ta ciki, direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana gogewa da hula. Iska mai ɗumi a jikin gilashi ita ce maganin wannan. Na uku ba mu san shi ba sai da dattijon ya faɗa. Ya ce in mota ta fara ɗaukar zafi a hanya, allura tana hawa, ka buɗe hita har ƙarshe, ka sa fankarta da ƙarfi, ka sauke gilasai. Ƙaramin lagireton zai taya babban zubar da zafi. Za ku yi gumi kamar masu gasa burodi, amma sau da yawa yakan ba ka damar isa gari na gaba ba tare da ka ƙona gasket ba. Wanda kuwa ya taɓa biyan kuɗin sauke kan injin ya san famfon hita goma ba su kai shi ba.

Neman kayan shi ya fi ba mu wahala. Motar ta tsufa, masu shaguna sun koma kayan Toyota da Golf da babura. Manyan wuraren da akan nufa su ne Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, inda ake farfasa tsofaffin motoci ana sayar da su gunduwa-gunduwa. Na farin da aka aiko mana daga wata kasuwa na hannu ne, an wanke shi da fetur yana ƙyalli. Dattijon ya rufe shi, ya sa baki ya hura. Iska ta fita ta ɗaya gefen kamar usur. Ya ajiye ya ce, "Wanga ɗan'uwan naku ne, tare suka tsufa." Kuɗin nan ya tafi ke nan, araha ba ta ado. A karo na biyu muka ba wani direban tasha tsohon famfon a leda, muka ce kada ya karɓi kome sai an ɗora su gefe da gefe, bakin tiyo ya yi daidai, ramukan kusoshi su yi daidai, hannun kuma ya juya ta gefen da namu yake juyawa. Bayan mako biyu ya kawo sabo a kwali.

Wanda bai samu ba, akwai wata dabara da muka gani a wata 505. An yanka tiyon shiga a ɗakin injin, an sa famfon ruwa irin na gida, na tagulla. In hunturu ya shigo mai motar ya buɗe bonet ya murɗa, in bazara ta zo ya rufe. Ba kyan gani, amma yana aiki. Sharaɗin kawai kada a sa na roba, gama ba a yi shi domin ruwan zafi ba.

Ranar aiki

Da sassafe aka fara, injin ya kwana a kashe. Wannan ba abin wasa ba ne. Murfin lagireto yana riƙe ruwan a matse, shi ya sa yakan wuce digiri 100 har ya doshi 120 bai tafasa ba. Kana buɗe murfin da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsalle a fuskarka. Yaran mota da yawa suna yawo da tabon wannan a hannu da ƙirji.

Dattijon ya cire kan batir, domin akwai wayoyi a ƙarƙashin dashbod, ga kuma ruwa. Aka kwance tiyon ƙasa na lagireto aka tare ruwan a daro. Abin da ya fito ja ne kamar kunun kanwa. Aka shimfiɗa buhu da tsummoki a ƙasan motar. Kafin a sa sabon famfo sai ya ce a wanke ƙaramin lagireton tukuna, in ba haka ba dattin da yake ciki zai kashe sabon ma. Suka sa mazurari da tiyo ta bakin fita, watau ruwan ya bi ta baya, suka yi ta zubawa har ya fara fitowa garau. Ya hana yaron ya sa iskar faci, ya ce bututun ciki sirara ne, ƙarfin iska zai fasa su. A cikin abin da ya fito har da wani abu mai yauƙi. Direba ya sunkuyar da kai ya ce wata rana lagireto yana yoyo a hanya, aka ba shi shawara ya fasa ɗanyen ƙwai ya zuba. Mun ji ana zuba garin rogo, da sabulu, da garin taba, da barkono. Sukan toshe yoyon na ɗan lokaci, amma sukan toshe inda ba a aike su ba.

Tiyo biyun ma aka sake su. Ɗaya ya ƙandare kamar ƙaho, ɗayan kuma ya yi laushi ya kumbura a baki. Aka sayo kilif sababbi masu noti, aka zubar da wayar da aka ɗaɗɗaure da ita shekara da shekaru. Dattijon ya nuna mana yadda za a gane bakin shiga da na fita. Waɗansu famfuna suna da 'yar kibiya a jiki, in babu sai a bi yadda tsohon yake, shi ya sa tun kafin a kwance ake sa alama da alli ko fenti. In aka juya shi, matsin ruwa yana iya hana shi rufuwa da kyau. Ya kuma gargaɗi yaron kada ya yi ta murɗa tiyo da ƙarfi a bakin ƙaramin lagireton, gama bakin siriri ne, in ya karye aikin ya koma na kwana biyu da cire dashbod ɗungurungum.

Inda ya fi daɗewa shi ne wajen ɗaura wayar. Mu a ganinmu a maƙala kawai a wuce. Shi kuwa sai da ya zare ta, ya ɗiga mata mai, ya yi ta ja da turawa har ta saki. Sa'an nan ya kai maɓallin dashbod ƙarshen shuɗi, ya rufe famfon ruf da hannunsa, a haka ya maƙala wayar ya ɗaure rigarta da ɗan kilif ɗinta. Ya sa direba ya tura maɓallin sau biyar ko shida, shi yana kallo da tocila ko hannun famfon yana kaiwa ƙarshe ta kowane gefe. Ya ce in ka ɗaura ta da saura kaɗan, famfon ba zai rufu sosai ba, ka dawo a watan Afrilu kana zagin mai shago alhali kayansa lafiya lau. Ya ƙara da cewa ya sha ganin mutane sun sayi famfo alhali wayar ce kawai ta zame. Saboda haka wanda hitarsa ta ƙi, kafin ya sayi kome ya duba ruwa ya cika, ya duba wayar tana jan hannun, sa'an nan in injin ya yi ɗumi ya taɓa tiyo biyun a hankali. In na shiga da zafi har bakin famfo, bayansa kuwa sanyi, alhali maɓalli yana kan ja, to famfon ne ya ƙi buɗewa, ko ƙaramin lagireton ya toshe. In duka biyun ba zafi, matsalar tana wani wuri.

Wannan magana ta ƙarshe a kanmu ta faɗa. Aka cika ruwa, famfon yana buɗe domin iska ta sami hanyar fita, aka tada injin ba murfi, ana matsa tiyon sama da hannu, kumfa tana fitowa, ana ƙara ruwa. Da kumfa ta ƙare aka rufe, direba ya zagaya da motar har wajen gari ya komo. Ba yoyo ko ɗigo. Amma iskar hitar ɗumi-ɗumi kawai, allurar zafi kuwa tana kwance a ƙasa. Dattijon ya jira injin ya huce, ya kwance inda tiyon sama ya haɗu da kan injin, ya leƙa ya yi dariya. Ba tamostat. Wani ya cire shi tun ba mu sayi motar ba.

Wannan al'ada ce a garejojinmu. Mota tana shigowa daga Turai, abin fari a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ɗan bawul ne mai buɗe kansa. In injin yana da sanyi yakan hana ruwa zuwa babban lagireto domin ya yi ɗumi da wuri, in ya kai zafin da aka tsara sai ya buɗe. Mun gane dalilin masu cirewa, gama in ya lalace a rufe motar takan tafasa. Amma injin da ba ya kai zafinsa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, baƙin mansa ya fi saurin lalacewa. Da can da fetur yake da araha ba mai lissafin wannan. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita sai an ƙirga ta. Muka sa aka nemo tamostat aka mayar, bayan dattijon ya jefa shi a tukunyar ruwan zafi mun ga ya buɗe da idonmu. Da aka sake gwadawa, minti goma bai cika ba direba ya janye ƙafarsa daga bakin iskar.

Sauran magana ita ce ta ruwa. Mun daina zuba na rijiya. Akwai ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, kore ko ja. Mutane suna cewa maganin daskarewa ne, mu kuwa ruwa ba ya daskarewa a nan. Gaskiya ne, amma a cikinsa akwai maganin tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa yake tafasa. Wani a shirye yake, wani sai an gauraya shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta, a duba rubutun jikin galan. Iyaye mata su lura da wannan sosai: ruwan nan dafi ne, yana kuma da zaƙi. Yaro ko akuya ko kare in ya sha yana lalata ƙoda, yana kisa. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a bar shi a daro a tsakar gida. Amfaninsa ɗaya kuma, in yana yoyo a cikin mota za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ka ga maiƙo a gilashi, ka san da magana tun ba ta kai ga ƙafar kowa ba.

Washegari da safe muka sake duba ruwan, ya ɗan sauka, muka cika, muka ƙara matse kilif ɗin. Dattijon ya ba direba doka ɗaya, ya ce ko da tsakiyar bazara, sau ɗaya a wata ya tura maɓallin zuwa ja ya dawo da shi, domin famfon ya motsa, ruwan da yake ciki ya sake. Direba ya zaɓi ran Asabar ta farin wata, lokacin da yake wanke motar. Afrilu ya zo ya wuce ba iska mai zafi a ƙafarsa, tabarmar gaba kuma ta bushe.

Ƙafar tsohuwa ta warke, sai ɗan tabo a bayan yatsu. A hunturun da ya biyo baya muka sake ɗaukar ta da asuba zuwa Sakkwato. Direba ya buɗe mata ƙofar gaba ya ce, "Inna, shigo, yanzu an gyara, sabo ne fil." Ta tsaya ta dubi ƙarƙashin dashbod ɗin, ta dube shi, ta ce, "Na gode, ɗana. Sa Malam a nan." Ta ja bargonta ta shige kujerar baya. Muna wuce Tambuwal ta ce a ƙara ɗumin kaɗan, ba ya isowa wurinta.